Lodin Yaya Sulle

Ana sallame sallar asuba, Sabi'u bai tsaya gaishe-gaishen ƙofar masallaci ba. Ya wuce gida, ya ɗauki kwanon sha, ya cika shi da ruwan randa har baki, ya fito da shi a hannu biyu kamar mai kai wa suruki fura. Motarsa tana tsaye a gindin darbejiya, wata tsohuwar jif mai dogon jiki da aka cire wa kujerun baya tun tuni. Ya buɗe ƙofar baya, ya ajiye kwanon a tsakiyar katifar da ya shimfiɗa, ya tayar da mota, ya hau burji.

Bai yi nisa ba. Ya kai kwalbatin bayan gari ya juyo. Da ya buɗe ƙofa, kwano ya kife, katifa ta sha ruwa. Ya shiga zaure ya saɓo buhun masara, ya jefa a gefen katifar, ya sake cika kwano, ya sake tafiya. Wannan karon ya dawo da ɗan ruwa a gindin kwano. Ya ƙara buhu a ɗaya gefen. Haka ya yi ta kai da komowa har rana ta fara leƙowa, masu fita gona suna tsayawa kallo. Wani ya ce ko wani malami ne ya ba shi laƙanin da zai yi wa motar. Sabi'u ya ci gaba da aikinsa. Dama ba mai yawan magana ba ne, kuma abin da ke gabansa ya wuce ba'a. Yayansa Sulle yana kwance da karayar ƙugu, ƙafar tana neman sandarewa, kuma ya ce ba zai ƙara shiga motar nan a kai shi asibiti ba.

A wani ƙauye na ƙasar Fulatan aka haife su. Sabi'u bai san ubansa ba, yana goye mutumin ya rasu. Sulle ne ya riƙe shi, kuma da jakuna ya riƙe shi. A zamanin, duk gyaɗa da mazarƙwailar da za ta fita daga ƙauyen zuwa kasuwar Rogo ko ta Karaye, a bayan jakunan Sulle take fita. A wurinsa Sabi'u ya koyi lodi. Sulle ba ya yabo. In ka gama ɗora mangala, wato jakar nan mai aljihu biyu da ake ratayawa a bayan jaki, sai ya zo ya ɗaga wannan gefe da tafin hannu, ya ɗaga wancan. In ɗaya ya rinjayi ɗaya ko da kaɗan ne, kalma biyu ce: "Sauke duka." Ka sauke, ka sake. In ya yi daidai, sai kawai ya kaɗa jakin ya yi gaba, kai kuma ka gane an yaba maka.

Da Sabi'u ya tasa, jaki ya yi masa nawa. Ya bi wata babbar mota ya zama yaron mota, daga nan ya zama direba, ya yi shekaru yana kai hatsi kudu yana dawowa da manja da katako. Hanya ta cinye masa ƙuruciya da haƙora biyu. Da furfura ta fara fito masa a gemu, ya ajiye motar mutane ya dawo gida, ya sayi jif ɗin nan a hannun wani ɗan kasuwa a Unguwar Hajji wanda 'ya'yansa suka fara jin kunyar a gan su a cikinta.

Ranar da ya kawo ta, Sulle ya zagaya ta sau ɗaya, hannu a baya.

"Me take ci?"

"Mai, Yaya."

"To. Nawa ciyawa suke ci, ita kuma Allah ke fitar da ita kyauta."

Iyakar sanya albarkar da aka yi ke nan. Amma da yamma an ga Sulle ya yanko ƙaya ya kewaye gindin darbejiyar, kada awaki su hau motar.

Burjin da ya fita daga ƙauyen zuwa kwalta ba hanyar ƙananan motoci ba ne. Gargada ce tun daga farko har ƙarshe, ga rafi a tsakiya, da damina ko babur sai an tura. Motar Sabi'u kaɗai ke shiga ta fita. Saboda haka komai nata ne: gyaɗa, masara, barkono, jarkokin man gyaɗa na mata, awaki, kayan ɗakin amare, taki, siminti, da marar lafiya in ta kama. Sabi'u kuwa bai iya cewa "ta cika" ba. In mace ta tsaya a bakin hanya da buhunta, sai ya sauko ya yi ta zagaya motar har ya samo wa buhun wuri.

Ƙarfe ma yana gajiya. A hankali bayan motar ya fara zama, gabanta yana ɗagawa. In an yi mata lodi, fitilunta ba sa haska hanya, sai kan bishiyoyi. Mutanen gari suka sa mata suna Mai Duban Wata. In ya wuce ta majalisa sai a ɗaga murya, "Sabi'u, an gan shi? Gobe Sallah?" Wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi, tayoyin baya sun fara gogar jikin mota suna ƙauri, sitiyari ya yi sakayau a hannu kamar tayoyin gaba ba sa taka ƙasa, kuma wata rana a gangaren rafi salansa, wato bututun hayaƙi, ta daki dutse ta cire, ya dawo gida da ita a kan kaya.

Damina na ƙarewa, kafin amfanin gona ya fara fitowa, ya kai ta garejin Ja'afar a Karaye. Ni mai facin taya ne, rumfata tana jikin garejin, don haka wannan a gabana aka yi. Ja'afar ya shiga ƙarƙashin mota ya fito yana karkaɗe riga.

"Direba, sifirin ɗinka ya mutu. Zo ka gani." Ya nuna masa dogayen falle-fallen ƙarfen da aka jera ɗaya bisa ɗaya, waɗanda ke ɗauke da bayan mota. "Da a lanƙwashe suke kamar baka. Yanzu sun miƙe kamar taɓarya. Za mu sake lanƙwasa su, mu ƙara falle ɗaya kowane gefe, kai kuma ka rage haɗama."

Sabi'u ya buɗe bayan mota ya jawo abin da ya zo da shi. Ya riga ya biya ta wurin 'yan gwangwan ya sayo falle-fallen wata tsohuwar motar kaya, irin wadda ake kira kanta, kowane falle ya fi tafin hannu kauri.

"Biyu-biyu za ka sa."

"Wannan na kanta ne. Motarka ba kanta ba ce."

"Aikin kanta take yi."

"Ka ji ni da kyau, mutumin Fulatan. In na sa waɗannan, ranar da babu kaya a bayanta harbi za ta riƙa yi kamar jakin da ƙuda ya shiga wa kunne."

"Yaushe ka taɓa ganina babu kaya?"

Ja'afar ya je ya ɗauko jak. Gaskiya ce, ba wanda ya taɓa gani. Zuwa da hatsi, komowa da gishiri da siminti.

Yini guda suka yi. Aka ɗaga mota a jak, aka tokare ta da kututture, aka kwance notina da suka yi tsatsa har sai da aka gasa wasu da wuta. Ja'afar ya ɗora tsofaffin fallayen a kan guntun ƙarfen dogo, yana dukansu da guduma ɗaya bayan ɗaya har suka dawo da lanƙwasarsu. Aka yanke sababbin daidai tsawo, aka huda, aka shafa giris, aka jera, aka ɗaure. Sabi'u bai zauna a benci ya sha shayi kamar sauran masu mota ba. Ya tuɓe riga yana riƙe ƙarfe, yana miƙa sifana, baƙin mai har goshi.

Da aka sauke jak, bayan motar ya ɗaga sama, gabanta ya sunkuya. Kafin ya kai gida an sake mata suna, ta koma Mai Ruku'u. Amma da aka yi mata lodin farko na gyaɗa sai ta zauna daidai, gaba da baya, fitilu a kan hanya, sitiyari ya dawo da nauyinsa. A kakar shekarar ba a bar buhun kowa a bakin hanya ba. Sabi'u bai yi wa kowa alfahari ba, sai dai duk inda ya tsaya sai ya durƙusa ya zura hannu tsakanin taya da jikin mota, ya ji sararin da ke wurin, ya miƙe yana share hannu a wando.

Ana tsakiyar kakar Sulle ya faɗo. Ya hau tsani gyaran jinkar rumbu, aikin da 'ya'yansa suka ce ya bari su yi ya ce ba su iya ba. Tsani ya goce. Ƙashin cinya ya karye daga can sama, kusa da ƙugu.

Lokacin da labari ya iske Sabi'u, motarsa cike take da gyaɗa za shi kasuwa. Nan take ya watsar da buhunan a ƙasa, ya share bayan motar tas da tsintsiya, ya shimfiɗa katifa. Ko a ransa bai kawo wani abu ba. Yaya ne. Ba a haɗa babba da buhu, ba a kwantar da wanda ya riƙe ka a tsakiyar kayan kasuwa. Wannan ladabin ne ya cuce su.

Wanda ke gaba riƙe da sitiyari ba ya jin abin da na baya ke ji. Motar da ba komai a bayanta sai tsoho ɗaya da matarsa, ga sifirin ɗin kanta, ta hau gargada ta fara harbi. Duk ƙaramin tudu sai ta wurga katifa sama ta cafe. Baraka, matar Sulle, tana riƙe da kafaɗarsa tana ihu, "A hankali! Sabi'u, a hankali, don girman Allah!" Shi kuwa tafiyar da yake yi ko mai keke zai wuce shi. Sulle bai yi kuka ba. Hularsa ya cire ya cusa a baki. Kafin su hau kwalta ya huda ta da haƙori.

A asibitin ƙashi a Kano aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Da aka sallame shi, Sabi'u ya sake share mota, ya sake shimfiɗa katifa, aka sake bin burjin nan a haka. Da aka shigar da shi zaure aka kwantar, ya daɗe yana numfashi kafin ya yi magana.

"Sabi'u, na gode, Allah ya yi albarka. Amma ni da wannan abar mun rabu. Ko gawata ce, ku ɗauka a kafaɗa."

Likita kuwa ya ce aikin rabi aka yi. Sauran rabin sai an riƙa kai shi gashin ƙashi duk mako, ana motsa ƙafar ana koya mata taka ƙasa, in ba haka ba za ta sandare, tafiya kuma ta ƙare. An samu mai yin gashin a asibiti a Karaye. Saura zuwa. Liman ya zo ya yi nasiha, Sulle ya ce ya ji. 'Ya'yansa suka yi magana, ya ce su tashi su ba shi wuri. Babur ba zai yiwu ba, keken shanu ya fi motar muni. Mako ya bi mako. Kullum da safe Sabi'u yana zuwa gaisuwa, ya zauna a bakin zaure, idonsa a kan ƙafar da ke ta ƙanƙancewa a ƙarƙashin mayafi. Bai iya roƙo ba. Ya zauna, ya zauna, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tashi.

Baraka ce ta tare shi a soro wata rana. Tsakaninta da shi akwai wasan matar wa da ƙanin miji, amma ran nan wasan da kaifi.

"Ƙanin miji, kai da ka mai da mota kura, sai ka san yadda za ka yi. Ko ka je a cire ƙarafan nan, ko ka sayo mana jirgi. Yayanka jiya ya ce a ba shi sanda, ya kasa ko ɗaga ƙafar daga tabarma. Ya juya fuska bango, bai ci tuwo ba."

Sabi'u ya san abin da cirewar ke nufi. Motar za ta koma duban wata, amfanin gonar mutane yana jibge a ƙofar gidaje, rabinsa ba zai fita ba. Bai yi shawara da kowa ba. Washegari ya tayar da mota babu kaya, zai kai wa Ja'afar ya cire.

Bai fita gari ba Iya Maiturare ta tsare hanya. Tsohuwa ce mai suyar ƙuli-ƙuli, wadda ba a taɓa kawo mata abu ta ce ya yi ba. Ga buhunan gyaɗarta, ga jarkokin mai, ga na maƙwabtanta biyu.

"Iya, yau gareji za ni."

"Garejin a sama yake? Ba ta Karaye za ka bi ba? Sauko, ɗan nan, kada ka sa ni tsayuwa."

Ya sauko ya loda. Ta ƙi zaman gaba, wai warin mai yana hawar mata kai. Ta shige baya ta zauna a tsakanin buhunanta, da kwanon kokon da ba ta gama sha ba a kan cinya. Sabi'u ya ja mota yana jiran masifa, don ya san duk rami ɗaya da zagi ɗaya. Shiru. Suka wuce rafi, shiru. Da suka isa Karaye ya zagayo ya buɗe ƙofa, sai ya tarar da ita ta jingina da buhu tana minshari, kwanon koko yana nan a cinyarta, ko zaninta bai ɓata ba.

"Iya. Iya! Hanya ba ta jijjiga ki ba?"

Ta buɗe ido. "Wace hanya? Har mun iso?"

Ya tsaya yana kallon kwanon nan har sai da ta ce ko yunwa yake ji ta ba shi.

Ya shigo gareji da tafiyar da ban san shi da ita ba. Ja'afar ya ce, "Ka zo a cire?"

"Na zo a cire. Amma kada ka cire." Ya ba shi labarin koko.

Ja'afar ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ai na gaya maka tun ran nan, in babu kaya harbi za ta yi."

"Ba ka ce in da kaya za ta yi laushi ba."

"Sai na tauna maka kuma na haɗiye maka? Sifirin mai kauri barci yake yi, nauyi ne ke tashinsa. Tsohon da bai kai buhu ɗaya ba, ina zai lanƙwasa ƙarfen kanta? Kai kuma ka share mota tas ka kwantar da shi, wai kai mai ladabi."

Sabi'u bai ji haushi ba. Ya ce a duba masa iskar tayoyin baya. Na duba, na tarar ya cika su tam saboda manyan lodi, na rage kaɗan. Ya tafi.

Abin da ya kawo kwanon ruwa da asuba ke nan. Yana so ya san iya nauyin da zai tashi sifirin ɗin, ya kuma bar wa mutum wurin kwanciya. Da hantsi ya yi, kwanon ya je kwalbati ya dawo ruwansa na rawa amma bai zuba ba. Ya jingine jiƙaƙƙiyar katifar a rana, ya ɗauko ta ɗakinsa, ya ja motar har ƙofar zauren Sulle, ya juya bayanta yadda na kwance zai ga ciki.

Ya cire takalmi ya durƙusa. "Yaya, ina kwana?"

"Lafiya lau."

"Ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Ya ƙafar?"

"Tana nan inda motarka ta bar ta."

Sabi'u ya tura masa kwano da buta. "Cika mini wannan, Yaya."

"Alwala za ka yi a kwano?"

"Cika dai."

Sulle ya kalle shi, ya ɗaga a kan gwiwar hannu, ya tsiyaya har ruwan ya yi tozo. Sabi'u ya ɗauka ya ajiye a tsakiyar katifa, tsakanin buhuna, ya ja mota. Da ya dawo ya kawo kwanon gaban yayansa ya ajiye. Sulle ya leƙa.

"Ka zubar ka ƙara a rafi."

"Rafi ya ƙafe, Yaya."

"To a randar wani."

Baraka tana bayan ƙyaure tana ji. Ta fito da mayafi. "Malam, bari in bi shi. In ya yi maguɗi ni zan faɗa, ka san ba na rufa masa asiri." Ta hau baya ta zauna kusa da kwanon, tana cewa, "In ka karya ni, ƙanin miji, kai za ka riƙa yi wa yayanka tuwo." Suka je suka dawo. Ta sauko da kwanon a hannunta.

"Tsakani da Allah, Malam, ɗan abin da ya zuba ni na zubar da ina saukowa. Buhunan ne. Ashe in ta ji nauyi lafiya lau take tafiya."

Maƙwabta sun fara taruwa. Sulle ya ce, "Ruwa ai ba shi da ƙashi." Ya ce, "Kuma ni za a loda a cikin buhuna kamar albasa, a bi da ni ta kasuwa." Sabi'u yana durƙushe, kansa a ƙasa. Ya yi iyakar abin da ya iya.

Amma idon Sulle ya riga ya shiga cikin motar, kuma ido ne da ya yi shekara da shekaru yana auna kaya. Ya ƙura wa buhunan ido, fuskarsa ta fara yamutsewa.

"Wa ya yi wannan lodin?"

"Ni ne, Yaya."

"Kai ne. Na dama masara, na hagu dawa, kuma ɗaya bai cika ba. Ba ka ga ta karkata ba? Ga wancan can baya a bakin ƙofa, me yake yi a can? Haka na koya maka?" Ya ɗaga murya yadda ba a ji ya ɗaga ba tun ranar da ya faɗo. "Sauke duka!"

Sabi'u, duk da furfurarsa da jikokinsa, ya miƙe ya sauke duka. Sulle ya ce a jingina shi da bango. Daga nan ya riƙa ba da umarni da yatsa. Masu nauyi a kan tayoyi daidai, ba gaba ba, ba baya ba. Masara ta fuskanci masara. Bakin buhu ya kalli gaba. A kawo igiya a ɗaure kowane gefe da jikin mota, kada wani ya mirgino kan mutum. A ninke tsofaffin buhuna a cusa tsakanin kaya da katifa, yadda ake sa wa jaki akumari kada kaya su ci masa baya. Sau biyu yana sa a kwance ɗauri a sake. Gumi ya jiƙa rigar Sabi'u, amma wanda ya lura zai ga bakinsa yana motsi kamar mai ɓoye dariya.

Da aka gama, Sulle ya daɗe yana kallo.

"Daga nan ba a gane lodi. Ku ɗaga ni in taɓa."

Maza huɗu suka ɗauke shi a kan bargo suka kwantar a katifar. Ya tura buhun dama da tafin hannu, ya tura na hagu. Bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba.

"Ja mu gani. Kwalbati kawai, ka juyo."

Baraka ta hau ta zauna a wajen kansa. Sabi'u ya ja a hankali, rabin idonsa a hanya, rabi a madubi. Motar ta hau gargadar farko, ta lotsa, ta taso sannu kamar kwalekwale. Hular Sulle tana kansa. Da suka kai kwalbati Sabi'u ya taka birki.

"Wa ya ce ka tsaya?"

"Ka ce kwalbati, Yaya."

Sulle bai buɗe ido ba. "Mutum ya ƙona mai har nan, sannan ya koma? Baraka, katin asibitin nan yana ina?"

"Yana bakin zanina tun ɗazu, Malam."

"Munafukai," in ji Sulle. "Mu je."

Tun daga ranar ba su fasa mako ɗaya ba. Sau ɗaya kawai aka samu tangarɗa. Da rani ya yi nisa, masarar Sabi'u ta tafi kasuwa da tukunya, sai ya cika buhuna da yashin rafi ya jera. Aka kwantar da Sulle, ya kai hannu ya taɓa, ya ce a fitar da shi. "Ƙasa ce wannan. Tun ban mutu ba za ku kwantar da ni ƙasa dama, ƙasa hagu?" Ba a je ba sai da aka zubar aka nemo aron kayan gona. Iya Maiturare ce ta fara aiko da buhun gyaɗarta aro, tana faɗa tana cewa a dawo mata da shi yadda yake. Daga nan abin ya zama al'ada. Ranar asibiti, wannan gida ya fito da dawa, wancan da masara, su je Karaye su dawo da yamma, Sabi'u ya saɓa kowane buhu ya mayar gidan da ya fito. Dillalan hatsi sun sha biyo motar da gudu suna tambayar nawa-nawa, ya ce musu, "Ba na sayarwa ba ne. Rakiya suka yo." Yanzu a ƙauyen duk wanda za a kai asibiti, mai naƙuda ko mai zazzaɓi, sai ka ji ana cewa a yi masa lodin Yaya Sulle.

Ƙafar ba ta dawo kamar da ba, kuma ba za ta dawo ba. Amma ta taka ƙasa. Daga ɗauka a bargo aka koma riƙe kafaɗa, daga kafaɗa aka koma sanda biyu, yanzu ɗaya.

Ganina na ƙarshe da su, farkon daminar nan ne. Sun tsaya a rumfata a ƙara iska a tayar gaba. Sulle ya ce shi ba zai zauna jira ba, asibitin ba nisa, zai taka. Ya zuro ƙafa daga bayan motar, ya dafa sanda ya miƙe. Sabi'u ya kai hannu, ya buge hannun. Ya kama hanya yana ɗingishi, Sabi'u na biye da shi taku biyu a baya, hannuwa a buɗe, bai taɓa shi ba. Sun ɗan yi gaba sai tsohon ya ce, ko waiwaye bai yi ba, "Ka bar bina kamar ɗan akuya. Buhun hagu ya zame, je ka gyara."

Sabi'u ya dawo ya leƙa bayan motar. Ni ma na leƙa. Buhun yana nan daram inda aka ɗaure shi. Ya dube shi, ya dubi bayan yayansa da ke tafiya. Sannan ya hau, ya sa kafaɗa ya tura buhun, ya kwance igiyar ya sake ɗaurewa.